Sarauniya a shimfiɗar ƴan littattafai

A gefen Babbar Kasuwar Yamai, masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa sun saba da masu cigiyar "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga a Paris cikin 1980. Sabonsa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci. Tsoho mai yagaggen bango kuwa, ciniki ke yanke kuɗinsa. Nan gardama kan tashi. Wani ya yaba yadda Mamani ya ɗaukaka Mangu, wadda ta tari rundunar Voulet a Lugu cikin Afrilun 1899. Wani ɗan Dogon Dutsi ya ce an ƙara gishiri, domin dattawan Lugu sun fi tuna ta da tsafi bisa ga takobi. Abin takaici, jikokinta da yawa ba su jin Faransancin da aka rubuta labarinta da shi.