Tafkin Cadi Da Haƙƙin Maƙwabtaka

Cikin matsalolin da su ka dami ƙasarmu akwai waɗanda gwamnati za ta iya warwarewa ita kaɗai, akwai kuma waɗanda ba su warwaruwa sai da hannun maƙwabta. Maganar Tafkin Cadi tana cikin kashi na biyu. Ni a ganina ya kamata duk wanda Allah ya buɗe wa ido da karatu ya san ta, ko da bai taɓa taka ƙasar Barno ba, gama bandar da mu ke sawa a miya yawancinta daga can 'yan kasuwa su ka saba kawo ta.

Tafkin nan yana tsakanin ƙasashe huɗu, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Amma duk da faɗin nan ba shi da zurfi, kamar ruwa ne a cikin faranti. Saboda haka in ruwan da ke shiga ya ragu kaɗan, sai gaɓa ta ja da baya tafiya mai nisa. Abin lura kuma shi ne, wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke zuba cikinsa daga kogin Shari da Logon ya ke fitowa, su kuwa mafarinsu can kudu ne, a ƙasar Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa na Kamaru. Namu kogin Yobe ɗan kaɗan ya ke kawowa. Ashe ke nan, masunci a Baga abincinsa yana rataye da damina ta ƙasar da bai taɓa gani ba.

Shugabanninmu na farko sun gane haka. A ran 22 ga Mayu 1964, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Hamani Diori da Ahmadu Ahijo da Tambalbai su ka sa hannu a birnin Fort Lami, wanda yanzu a ke kira Njamena, su ka kafa Hukumar Tafkin Cadi, don kada wata ƙasa ta yi abin da zai cuci 'yar'uwarta game da ruwan. Niyya ce mai kyau. Sai dai ba a daɗe ba fari ya sauka, na farko wajen 1972 zuwa 1974, na biyu wajen 1983 zuwa 1985. Tafki ya rabu biyu, na arewa ya ƙafe ƙaf fiye da sau ɗaya, har faɗin ruwan ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda ya ke a da.

To, mene ne ya biyo baya? Gwamnatin Nijeriya ta riga ta kashe kuɗi masu yawa a kan babban aikin noman rani a Marte, an haƙa hanyar ruwa daga tafki don a shuka alkama da shinkafa. Aiki bai yi nisa ba ruwa ya janye daga bakin hanyar, injuna su ka tsaya. Masunta da manoma kuwa su ka bi ruwa duk inda ya nufa, ba su san sun tsallake iyaka ba, don ba a zana iyaka a kan taɓo. A 1983 sojojin Nijeriya da na Cadi su ka gwabza saboda waɗansu tsibirai. Mutanenmu da su ka zauna a Darak su ka kafa ƙauyuka, sai a 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa ƙasar ta Kamaru ce, a ka miƙa ta a 2003. Daga baya kuma fitinar Boko Haram, wadda ta tashi a 2009, ta sami maɓoya a tsibiran nan. A Janairun 2015 a ka ƙone Baga, kasuwar kifi ta watse, dubban mutane su ka yi gudun hijira.

Sau da yawa na ji ana cewa tafki yana gab da ɓacewa. Gaskiyar magana, tun bayan 1990 ruwan ya ɗan dawo, kuma ya kan ƙaru ya ragu gwargwadon damina. A 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta cuci mutanen wajen, har dam ɗin Alau ya fashe a Satumban 2024, ruwa ya ci rabin Maiduguri. Abin da ke wahalar da talaka shi ne rashin tabbas, bai san inda ruwa zai tsaya bana ba, balle ya san inda zai shuka ko ya kai shanu.

Akwai wata dabara da wani kamfani na Italiya ya kawo tun da daɗewa, mai suna Transaqua, watau a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango zuwa Shari. A taron Abuja na 2018 an amince da ita, an kuma ƙiyasta kuɗinta dala biliyan 50. Amma mutanen Kwango da yawa ba su yarda ba, kuɗin kuma ba su samu ba. Ni ban raina dabarar nan ba, sai dai Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwai aikin da ke hannunmu. Dam ɗin Tiga, wanda a ka gama a 1974, da na Challawa na 1992, sun amfani Kano ƙwarai, amma sun rage ruwan da ke gangarawa fadamun Haɗejiya da Nguru, ya wuce Gashuwa zuwa tafki. Ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai. Sakin ruwa a kan ƙa'ida, da yashe hanyoyinsa, da hana ɓarnarsa a gonakin rani, duk ba su bukatar izinin wata ƙasa.

Abu na biyu shi ne riƙon zumunci. Rundunar haɗin gwiwa da a ka ƙarfafa a 2015, mai hedkwata a Njamena, ta ƙwato garuruwa da dama. Amma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 a ka rufe iyaka wata da watanni, a 2025 kuma Nijar ta ba da sanarwar fita daga rundunar. Duk sa'ad da gwamnatoci su ka juya wa juna baya, ɗan ta'adda ne ke cin riba, gama shi ba ya neman fasfo. Mutumin Difa da na Damasak dangi ne, kogi ɗaya su ke sha. Wajibi ne shugabanni su raba saɓaninsu na siyasa da maganar ruwa da tsaro.

Jama'a, ku da ku ka yi yaƙi da jahilci ku ka ci nasara, kada karatunku ya tsaya ga rubuta wasiƙa. In mai neman ƙuri'a ya zo garinku, ku tambaye shi abin da zai yi game da kogi da fadama da makiyaya. Mai noman rani ya tuna akwai wani a ƙasa da shi yana jiran ruwan nan. Allah ya ba shugabanninmu basira, ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, amin.