Yadda na haɗa kwamfutar gem ta farko a Gombe da kuɗin ɗalibi



Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Mutane da yawa sun tambaye ni yadda na haɗa kwamfutar da ke ɗakina, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: "Wane katin hoto ka sa?" Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Tun daga farko in gaya muku, a garin nan ba da katin hoto ake fara lissafi ba. Da soket ɗin bangon ɗakinka ake farawa.

Wata 14 na yi ina tara kuɗin. Waɗanda suka san ni sun san sana'ata: zanen katin gayyatar biki, fostocin masu takarar ƙungiyar ɗalibai, da buga furojet na 'yan ajin ƙarshe. Duk da wata tsohuwar laftof nake yi, wadda da na buɗe CorelDRAW sai fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe. Na fara tarin ne a tsakiyar 2023, daidai lokacin da aka saki Naira. Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin mu ankara a 2024 ta haura 1,500. Kayan kwamfuta kuwa duk da dala ake shigo da su. Ni ina tafe a ƙasa, farashi yana kan acaɓa. Saboda haka ba zan rubuta muku farashin komai a nan ba, kafin ku gama karantawa ya canja. Yadda na yi tunani zan ba ku, shi ne ba ya tsufa da wuri.

Duk wanda ya fara wannan bincike YouTube yake faɗawa, ni ma can na kwana na wuni. Mutanen suna da ilimi, ba musu. Amma mai maganar yana zaune ne a Amurka ko Ingila, wutarsa ba ta ƙyaftawa, ɗakinsa da sanyi. Abin da ya dame shi kawai gudu. Ni kuwa ɗakin haya nake a Tudun Wada, wuta ta zo ta tafi, wani lokaci ta zo da rauni har fanka ta kasa juyawa. Kun tuna Afrilun 2024, da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu ana tsakiyar zafi? A lokacin na zauna da biro da takarda na sake lissafina daga tushe.

Ga lissafin. Ni da abokin zamana muna da ƙaramar inbata da batir ɗaya mai 12V da 100Ah, wato wat 1,200 na awa guda ke nan a rubuce. Irin wannan batir idan kana son ya yi ƙarko, rabinsa kawai za ka riƙa sha, saura 600. Kwamfutar da ke jan wat 180 har da allonta za ta ba ka kusan awa 3. Wadda ke jan sama da 300 kuwa ko awa 2 ba za ta cika ba, ga zafin da za ta riƙa fesowa a ɗaki a watan Maris da Afrilu, lokacin da garin nan kan taɓa digiri 40. Duk wat ɗin da kwamfuta ta sha, zafi yake komawa, kuma a ɗakinka zai zauna.

Da wannan ma'aunin na auna hanyoyi uku da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi.

Ta farko ita ce wadda kowa ke zuga ka a kai: ka nemi RX 580 mai 8GB na hannu. Gaskiya katin yana da ƙarfi, ya fi wanda na saya gudu, kuma sau da yawa ya fi shi araha. Amma shi kaɗai wat 185 yake ja, sai ka nema masa fawa saflai mai kyau da wayarsa ta daban. Sannan ka tambayi kanka me ya sa ya yi araha. Tun 2017 ya fito, kuma da yawansu haƙar kirifto suka yi. Ba irin mainin ɗinmu na danna waya ba, a'a, katin ne ake kunnawa dare da rana shekara da shekaru. Da Ethereum ta daina wannan tsari a Satumban 2022 sai aka juye su kasuwa. Wani lafiyarsa ƙalau, wani kuma kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma ido ba ya bambance su. Akwai ma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, shi a zahiri ɗan uwan RX 570 ne aka sauya wa riga.

Ta biyu: ka sayi komai sabo, ka sa Ryzen 5 5600G. Shi wannan firosesa da katin hotonsa a cikinsa yake zuwa, wat 65 kacal. Zai buga maka PES da GTA V idan ka rage ƙawar hoto, daga baya in Allah ya hore ka ƙara kati na daban. Wanda kuɗinsa ya kai, kuma yake da haƙuri, wannan hanyar ta fi nisan zango. Ni da na haɗa kuɗin madabod da ram da akwati da fawa saflai, sai na ga aljihuna bai kai can ba.

Ta uku ita na bi: tsohuwar kwamfutar ofis, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da kamfanonin Turai ke sallamarwa bayan 'yan shekaru, a kawo mana su a kwantena. A kuɗi ɗaya ka samu akwati da madabod da firosesa da fawa saflai, kuma an ƙera su ne don su wuni a kunne. Sai ka ƙara mata katin da ba ya neman wayar wuta ta daban. Ramin da ake soka katin a madabod yana bayar da wat 75, kuma GTX 1650 daidai nan ya tsaya. Shi na sa.

Amma akwai wuraren da ake zamewa, ku riƙe su da kyau.

Akwati: ka nemi mai tsayin nan, kada ka ɗauki siririn. Siririn sai katin da aka yi masa musamman, wanda ya fi wuyar samu, ga cunkoso ba iska. Fawa saflai na dogon kan kai wajen wat 250, ya ishi wannan haɗin. Ka sani kuma yawancinsu wayoyinsu na kamfani ne, ba kowane na kasuwa ke shiga ba. Wannan ita ce iyakar hanyar: ba za ka wayi gari ka ɗora mata babban kati ba.

Firosesa: za a nuna maka i7 na ƙarni na 3 ko na 4 a ce "ai i7 ne". Kada lambar ta ruɗe ka, ƙarnin za ka duba. Na dage sai na ƙarni na 8, na samu i5-8500 mai ƙwaƙwalwa 6. Dalili, tun lokacin an sanar cewa Microsoft za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take karɓa.

Ram: 16GB, kuma guda biyu masu 8, ba ɗaya mai 16 ba. Biyun suna aiki tare kamar hanya mai layi biyu. Masu bin hanyar Ryzen ɗin can, wannan a wajenku wajibi ne, domin katin cikin firosesan daga ram yake ci.

Ma'ajiya: SSD mai 512GB. Tsohon hadis mai juyawa ya fi yawan wuri a kuɗi kaɗan, amma jinkirinsa zai sa ka tsani kwamfutar, kuma ba ya son ɗaukewar wuta ta ba-zata.

Kati: wasu GTX 1650 ɗin suna da ramin waya mai ƙafa 6 a gefe. Ka juya shi ka duba da idonka, marar ramin kake nema. Idan kuɗi bai kai ba GTX 1050 Ti ma wat 75 ne, sai dai shi jabunsa ya yi yawa. Tsohon GTS 450 na 2010 ake sauya wa suna. Alama mai sauƙi: in ka ga shuɗin ramin VGA a jikinsa, ajiye musu kayansu, na gaskiyar ba ya zuwa da shi.

Allo da kibod da fad biyu a nan Gombe na saye su. Kwamfutar da katin kuwa Kano na je, Beirut Road, domin ina son zaɓi ya yi yawa, kuma ban yarda in tura kuɗin wata 14 ga wanda hotonsa kawai na sani ba. Na tafi da filashi ɗauke da manhajoji uku na kyauta: GPU-Z mai faɗin ainihin sunan kati, CrystalDiskInfo mai nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi tana aiki, da FurMark mai matsa wa kati lamba a ga iya zafinsa. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, don Allah a ba ni minti 20 in gwada a gabanka." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, kai da shirinka ka zo. Bismillah, ga soket nan." Zafin katin ya tsaya a 70 da 'yan kai, hoto bai yi ɗigo-ɗigo ba, fanka ba ta ƙara. Muka yi ciniki, ya rubuta mini rasit da lambar jikin kowane kaya, da sharaɗin mako guda in an samu matsala. Mai kayan kirki ba ya tsoron gwaji. Wanda ya fara cewa "ai ba wuta" ko "ka je gida ka gwada", yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Abin da ya fi ciniki wuya shi ne Baba. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, mutum ne da kowace Naira sai ya san inda ta kwana. Kuɗin nawa ne, amma ban ga dacewar in kashe irin wannan adadi bai sani ba. Na same shi bayan Isha'i na ce, "Baba, ba zan ɓoye muku ba, kwamfuta nake so in saya. Zan yi aiki da ita, zan kuma yi wasa da ita." Ya yi shiru can ya ce, "Kai Abba, wasan na ji shi. Abu biyu nake tambaya. Akwai kuɗin makaranta a ciki?" Na ce babu ko sisi. "To za ta iya dawo da abin da ta ci?" Na ce in sha Allahu. Ya ce, "Buhun da ba ya komawa kasuwa, gara ce ke cinye shi. Allah ya sa albarka."

Tambayar nan tasa ta shiga cikin zaɓina fiye da duk bidiyon da na kalla. Ita ta hana ni sayen PS4, duk da cewa da kuɗin zan samu mai kyau, domin PS4 ba ta zana fosta, ba ta buɗe SPSS. Ita ta sa na ƙi rage ram don in ƙara wa kati. Ita ce kuma ta hana ni sayen fankoki masu fitilu kala-kala, na sa kuɗin a ƙaramin UPS. Wani abokinmu ya zuba kusan duk kuɗinsa a kati, ya haɗa shi da fawa saflai marar suna mai nauyin biskit. Rana ɗaya aka dawo da wuta da ƙarfi, ta tafi da katin da madabod ɗin gaba ɗaya. Har yau akwatin yana ƙarƙashin gadonsa, ya zama wurin ajiye takalma.

Yanzu sama da shekara ke nan. PES 2021 da GTA V suna tafiya sumul a 1080p. FC 24 ma yana yi idan na sassauta masa. Sababbin manyan wasannin nan kam wasu sun fi ƙarfin 4GB ɗin katina, na sani tun kafin in saya, kuma ban ji ciwo ba. Aikin zanen da ke cin mini dare guda yanzu kafin in gama shan shayi ya fita. A zangon da ya wuce ta gama biyan kuɗinta, na je na gaya wa Baba, ya ce "Madalla" ya ci gaba da jan carbinsa. Wanda ya san shi ya san wannan babban yabo ne.

Sauran 'yan abubuwa a gurguje. Kada ka ajiye ta a ƙasa, musamman da hunturu, ƙurar garin nan cikin wata guda za ta toshe mata hanci. Ɗora ta a tebur, ka riƙa buɗewa kana hure ta, in ka gama ka rufe ta da zane bayan ta huce. Hadari ya taso da tsawa, zare waya daga bango. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kada ka jona ta kai tsaye. Ka sa kuɗin data a lissafi, GTA V kaɗai ya kusa 100GB. Lokacin jarrabawa kuma ni fad ɗina wajen abokin zamana nake kai su ajiya, ya kulle a akwatinsa. Kowa ya san kansa.

Wanda ke karɓar dubu 20 ɗin NELFUND na wata-wata, ka tuna bashi ne, na abinci da kuɗin Keke ne. Kuɗin rajista kuwa ko da wasa. Gem ba ya gudu, in ka tara a hankali za ka same shi yana jiranka, wataƙila ma ya ƙara araha.

Mai son in duba masa haɗin da yake shirin yi, ya rubuto abu uku a ƙasa: nawa ne a hannunsa, awa nawa suke samun wuta a unguwarsu, da aikin da zai yi da ita ban da wasa. 'Yan uwa mata masu zane da haɗa bidiyo, lissafin nan duk ɗaya ne, ku ma ku tambaya. Masu cika baki a PES kuma, Asabar bayan La'asar ina ɗaki. Kowa ya zo da fad ɗinsa, kada a ci mutum 5 ya ce nawa ne ba shi da kyau.