Doha, Garin Masu Rabon Faɗa

'Yan uwana mata, yadda ake yawan jin sunan Katar a rediyo sai ku ɗauka wata ƙatuwar ƙasa ce. Wallahi 'yar mitsitsiya ce, jihar Kano ma ta fi ta faɗi. Da na shiga kasuwar Suk Wakif a Doha, ƙamshin turaren wuta ya tare ni, ga gyalen Falasɗinawa rataye a shaguna.

Amma kun san a garin nan Isra'ila ta buɗe ofishin kasuwanci a 1996? Shimon Peres da kansa ya zo. Yaƙin Gaza ya sa aka rufe shi a 2009. A 2012 kuwa Sarki Hamad ya taka har Gaza, ya yi alƙawarin dala miliyan 400, aka gina unguwar Hamad a Khan Yunis. A shekarar ce shugabannin Hamas suka tare a Doha.

Sulhun da Katar, Masar da Amurka suka ƙulla a Nuwamba 2023 ya mayar da mata da yara ga danginsu ta ɓangarorin biyu. Sai dai mai rabon faɗa yakan sha duka: a Satumba 2025 Isra'ila ta kai hari cikin Doha. Duk da haka Katar ba ta janye ba, da ita aka tsagaita wuta a Oktoba. Allah Ya ɗorar da zaman lafiya.