Daga Malbaza zuwa Illela a kan Tirelar Siminti

Sa'ad da dattawan unguwarmu suka yanke shawarar ƙara ɗakuna a makarantar Islamiyya ta Illela, watau Illelar da ke mazaunin Sarkin Adar, ba takwararta ta ƙetaren iyaka a ƙasar Sakkwato ba, sai suka ɗora mini amanar zuwa Malbaza in rako simintin da aka saya, domin a zatonsu mutumin da ya san alƙalami da hisabi ba zai bari buhu ya salwanta a hanya ba. Malbaza kuwa, ga wanda bai san ta ba, gari ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Birnin Konni ta nufi Maraɗi da Damagaram, kuma Allah ya ajiye arzikinta a cikin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, wanda ya sa aka kafa masana'anta a wurin tun shekarun 1960; a 2018 kuma aka buɗe mata tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7.

Kayanmu ba su isa cika tirela ba, saboda haka mai motar ya haɗa su da na wani attajiri, sa'an nan ya ƙara da na wani, har na lura ganyayen sifirin, waɗanda asalinsu a lanƙwashe suke, sun miƙe sambal. Buhu 20 ne tan guda, lissafin ba shi da wuya, amma na yi shiru, domin baƙo a mota ba ya gyara wa direba lodi. Muka yi addu'ar hawa abin hawa, muka nufi yamma, motocin albasar Galmi masu zuwa Gana da Abijan suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

A Tsernawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Konni, muka tsaya sallar azahar. Yaron mota, bisa al'adarsu, ya ɗauki guntun ƙarfe yana zagayawa yana ƙwanƙwasa tayoyi yana sauraron amonsu, har ya isa ƙafar baya ta hagu, ya ɗora tafinsa, ya janye da sauri, ya ce, "Maigida, wagga ta yi zahi." Direba ya yi tsaki, ya ce tayar ba ta daɗe da sakawa ba, kuma wadda ta gabace ta ma haka ta cinye, don haka lalle masu sayar da gwanjo ne ba su tsoron Allah.

Akwai wani dattijo mai faci a ƙarƙashin rumfar kara a bakin hanya, wanda aka kira domin ya canja tayar kurum a biya shi a wuce. Bai ɗauko jak ba tukuna. Ya tsuguna, ya share ƙurar simintin da hannun rigarsa, ya shafa zanen tayar daga waje zuwa ciki, sa'an nan daga ciki zuwa waje, ya kama hannuna ya ce, "Malam, taɓa ka ji." Na shafa: ta fuska ɗaya sumul, ta ɗaya fuskar kuwa kowane layi na zanen yana da kaifi yana kama fata. Ya ce wannan alama ce cewa tayar ba ta mirginawa sosai inda mota ta dosa, jan ta ake yi a karkace tana gogar kwalta, kuma ko sabuwa fil aka saka daga kanti, haka za ta ƙare.

Daga nan ya shiga bayani, ni kuwa na ga tsarinsa bai bambanta da na malaman fiƙihu ba, waɗanda ba su yanke hukunci sai sun bi alama sun kai ga illa. In taya ta cinye a tsakiya gefunanta suna nan, iska ce ta yi yawa. In gefuna biyu suka cinye tsakiya ta saura, iska ce ta gaza, kuma wannan ita ce mai yin zafi har ta fashe, shi ya sa ake auna iska da safe kafin mota ta motsa. In gefen ciki kaɗai ya cinye a dama da hagu, to nauyi ne ya fi ƙarfin aksul ya lanƙwasa shi, ƙafafun suka buɗe ta ƙasa. In aka ga ramuka-ramuka kewaye da ita, a ɗaga ƙafar a girgiza, galibi boris ne ya saki. In kuwa wuri guda ne ya shafe, birki ne ya kama aka ja ta a ƙasa. Ya ƙara da wata mas'ala da ban taɓa ji ba, cewa tayoyi biyu da ke jere a ƙafa ɗaya wajibi ne tsayinsu ya daidaita, in ba haka ba doguwar ta ɗauke nauyin ita kaɗai, gajeriyar kuma ta riƙa gogar ƙasa.

Direba bai gamsu ba, ya ce, "Baba, magana dai ce." Dattijon bai yi musu ba, ya aika jikansa ya kawo igiya. Ya sa yaron mota ya riƙe bakinta a ƙusar da ke haɗa tirela da kan mota, ya ja ta zuwa tsakiyar ƙafar dama ya ƙulla alama, sa'an nan ya zagaya da ita zuwa ta hagu, sai ga ƙullin ya gaza isa da kimanin faɗin yatsu biyu. Ya kwanta a ƙasa da tocila, ya ɗan jima, ya fito da guntun ƙarfe mai tsatsa a tafinsa: ƙusar tsakiya ce mai riƙe ganyayen sifirin ta karye, aksul ya zame baya ta gefe guda. Ya kuma nuna mana cewa gefen ciki na tayoyin wancan aksul ya fara cinyewa dama da hagu, ya dubi tulin buhunan, bai ce kome ba.

Aka buga wa mai mota waya, ya ce a sayi wata taya a ci gaba, kaya na jira. A nan direban ya burge ni, domin bayan ya ga hujja da idonsa ya ƙi, ya ce ba zai hau hanyar Tawa da aksul a karkace ba. Ni a ganina, gaskiya tana gare shi, kuma laifin ya fi rataya a wuyan masu motoci, waɗanda suke ganin ribar buhun da suka ƙara amma ba su lissafa hasarar taya da ƙarfe da kwaltar da jama'a duka ke bi, alhali ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa a yammacin Afirka sun ƙayyade nauyin da kowane aksul zai ɗauka tun 2005, cikin dokar da direbobi suka sani da lamba 14.

Yaron mota ya hau kabu-kabu ya tafi Konni neman ƙusa, mu kuwa muka nemi ƴan dako aka sauke buhunan da ke kan ƙafar, domin jak ya iya ɗagawa. Bai dawo ba sai bayan la'asar, aikin kuma ya kai mu isha'i, muka kwana a kan tabarma gefen mota. Da aka mayar da aksul mazauninsa aka ɗaure, dattijon ya sake jan igiyarsa, ƙullin ya sauka daidai a ɓangarorin biyu.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar arewa, muka bi ta Badagishiri, muka karkata yamma, muka shiga Illela da hantsi, ɗalibai suka fito suka taya sauke kaya, na ƙirga buhuna a gaban liman suka cika. A kowane zango direba yana sauka ya dafa waccan ƙafar, bai sake jin zafin da ya wuce na sauran ba. Kuɗin ƙusar da ladan dattijon, da na tambaya, ba su kai rabin kuɗin tayar gwanjo guda ba.