Fatal Fury, Hamma da Ni

Yau maganar gem zan yi, don haka dattawa a yi mini haƙuri, akwai dalili.

Makon jiya ɗana ya kira ni falo, wai in zo in ga wani mai jar hula da yake bugawa a Street Fighter 6. Ina dubawa sai ga Terry Bogard. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna, domin rabona da wannan hula kusan shekara 30 ke nan.

A 1995 ina ɗan shekara 11, akwai wani shagon gem a unguwarmu ta Luggere a Jimeta. Talabijin biyu ne da Sega biyu da wani ɗan janareto mai hayaƙi. Ta farko Street Fighter II ce, wani lokaci Mortal Kombat, kullum layi har bakin kwata, wanda aka doke ya miƙa hannun gem ga na baya. Ta biyun kuwa kaset ɗin Fatal Fury ne a ciki, ba mai kallonta, har mai shago ya rage mata kuɗi. Hammana, wanda ya girme ni da shekara huɗu, nan yake ja na. Ni ina ƙunƙuni ina son Ryu da Ken kamar kowa, shi kuma ya ce, "Kai dai zauna, kuɗinmu a nan ya fi auki."

Sai da na girma na san tarihin abin. Takashi Nishiyama, wanda ya jagoranci Street Fighter na farko a kamfanin Capcom a 1987, shi ne ya koma SNK ya yi Fatal Fury. Amma kafin nasa ya fito a Nuwamban 1991, Capcom ta riga ta saki Street Fighter II a farkon shekarar, duniya ta ɗauka. Wancan yana da 'yan wasa takwas da za ka zaɓa, Fatal Fury uku kacal: Terry, ƙanensa Andy, da abokinsu Joe Higashi. Sai aka riƙa ce masa kwaikwayo, alhali mai asalin abin ne ya yi shi. Kuma yana da nasa: fili biyu ne, gaba da baya, kana iya tsallakawa ka kauce wa duka. Ga kuma labari, wanda shi ne ya kama Hamma.

Labarin kuwa shi ne Geese Howard ya kashe mutumin da ya riƙe Terry da Andy. Andy, ƙaramin, ya tafi Japan neman ilimin faɗa, Terry ya tsaya a Amurka yana koyon nasa a titi. Hamma kullum Terry yake ɗauka, ni ya bar mini Andy. To mai karatu, ashe rabon ne aka yi mana tun a lokacin. A 2003 na tafi Ingila karatu, da kuɗin da har da na babur ɗin Hamma da ya sayar a ciki. Shi ya zauna a shagon Baba a kasuwa.

Mu 'yan waje muna da wata ɗabi'a da ba mu cika faɗa ba. Muna aiko da kuɗi, sai sunanmu ya cika gida. Da Baba ya kwanta ciwo, Hamma ne ya yi wata bakwai yana ɗaga shi yana kwantar da shi, yana kwana a barandar asibiti cikin sauron bakin Binuwai. Ni na iso kwana uku bayan an rufe shi. Amma a zaman makoki abin da nake ji shi ne, "Ai na Ingila ya yi ƙoƙari, shi ya biya komai." Na ji da kunnena, Hamma yana gefe yana zuba wa baƙi ruwa, kuma ban ce uffan ba. Daɗin yabon ya hana ni.

Ko garin namu haka yake. Filin jirgin sama da gidan gwamnati duk a Jimeta suke, amma kowa Yola yake cewa. Suna na wani, ɗawainiya ta wani.

SNK ta durƙushe a 2001, daga baya ta farfaɗo. A 2024 Capcom da kanta ta gayyato Terry cikin Street Fighter 6 a matsayin baƙo, a 2025 kuma sabon Fatal Fury ya fito, shekara 26 bayan na 1999, har da Cristiano Ronaldo a ciki. Wato an dai tuna da shi, ko da an makara.

Daren nan na ɗauki waya na nufi gidan Hamma na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, har yanzu bai cire hular ba?" Sai na ce, "Hamma, ranar makokin Baba ya kamata in yi magana, ban yi ba. Ka yafe mini." Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Na yafe. Amma Dada za ka faɗa wa, har gobe ta ɗauka kai ka sayi gadon asibitin nan."

Da safe na je na faɗa mata, a gaban matanmu da yaranmu, har da zancen babur. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce a kira mata shi.

In kana waje, mai karatu, kuma akwai wanda ya tsaya maka a gida, kada ka jira shekarun da na jira. Allah ya saka wa irin su Hamma da alheri, ya jiƙan iyayenmu. Sai mun sake haɗuwa.