Daren da na kwana a kan dutse

Yaya, don Allah kada a karanta wa Hajiya wannan sai an rage wasu wurare.

Ranar Asabar na bi abokaina uku zuwa duwatsun Cairngorm a Sukotlan. Daga garin Aviemore muka tashi, nufinmu Ben Macdui mai tsawon mita 1,309, wanda Ben Nevis kaɗai ya fi shi a Birtaniya. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu. Muka kwana a wani ɗan ɗakin dutse da ake bari a buɗe don matafiya. Ruwan gorata ya daskare, sai ƙanƙara na narkar na yi alwala.

Mun kai ƙoli da safe, amma saukowa ce ta ba ni kashi. Hazo ya rufe mu, sama fari ƙasa fari, hanya ta ɓace. Da taswira da kamfas muka ratsa har bakin wani gangare da ƙafa ba ta iya sauka. Babbanmu ya ɗaure igiya a dutse, ya ce in juya wa ramin baya in saki jiki. Ni da ko mangwaron gidanmu ban taɓa hawa ba! Na yi kalmar shahada na bi igiyar. A tsakiya ƙafata ta zame, gwiwa ta bugu, na yi lilo har na samu wurin takawa.

Har yau ina ɗingishi. Sun ce za su koma a Fabrairu. Ban amsa ba, amma takalman da na ara suna ɗakina.

A gaida kowa da kowa.