Daga Shamuwa Zuwa Roka

Kowane yaro ya taɓa korar tantabaru ko kurciyoyi daga shanyar hatsi. Amma in an tambaye shi yadda suka tashi, shin da ƙafa suka fara ko da fiffike, da wuya ya iya faɗi. Ba laifinsa ba ne, ido ne ba ya iya bin abin. Tsuntsu yana nan a ƙasa, kafin ƙiftawar ido ga shi can a sama, abin da ya auku a tsakani kuwa ya wuce.

Saboda haka ne ɗaukar hoton tsuntsu sa'ad da ya ke tashi ya zama aiki mai wuya ƙwarai. Tsakanin ganin ido da motsin yatsa a kan sami wajen rubu'in sakan, wannan kuwa ya ishi tsuntsu ya fice. Wanda ya jira sai ya ga an tashi sa'an nan ya danna, to, hoton reshe kurum zai samu. Gwanayen aikin su kan koyi halin tsuntsu tukuna. Sun san ya kan juya ya fuskanci iska, ya ɗan durƙusa, sau da yawa ma har ya yi kashi, kana ya zabura. Da ƙafa ya kan fara tunkuɗa jikinsa, fukafukai su karɓa daga baya.

A zamanin da, akwatin ɗaukar hoto ba ya kama abin da ke motsi. Dole mutum ya zauna kamar gunki, in ya ko motsa kansa sai hoton ya fito dishi-dishi. Ana nan sai wani Bajamushe mai suna Ottomar Anschutz ya ƙago wani irin marfi a cikin akwatin, mai buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya daga dubu na sakan. A shekarar 1884 ya kai akwatinsa kusa da sheƙar wasu manyan tsuntsaye, ya yi ta ɗaukarsu suna tashi suna sauka. Tsuntsayen nan dangin shamuwa ne, sai dai su farare ne, da jan baki da jajayen ƙafafu. A Turai su ke yin ƙwai, in sanyi ya matso su ƙetaro hamada, waɗansunsu su yi rani a fadamun ƙasashenmu. A hotunan nan mutane suka ga abin da idonsu bai taɓa nuna musu ba, watau yadda fiffike ke lanƙwasa, da yadda gashin bakinsa ke buɗewa kamar yatsu.

Cikin waɗanda suka ƙura wa hotunan ido akwai wani injiniya, Otto Lilienthal, wanda tun yana yaro ba shi da buri sai na tashi sama. Ya ɗinka wa kansa fukafukai na sanduna da zane, daga 1891 ya riƙa hawa tudu yana sheƙowa a guje, iska ta ɗauke shi. Har tudu ya sa aka tara masa kusa da birnin Balin don wannan aiki. Ya tashi fiye da sau 2,000, Anschutz kuwa yana cikin masu ɗaukar hotonsa. Hotunan suka bazu cikin jaridun duniya, masu cewa ɗan Adam ba zai taɓa tashi ba suka fara sassauta murya. Ran 9 ga Agusta, 1896, iska ta yaudare shi, ya faɗo ya karye a wuya, kashegari ya mutu.

Labarin mutuwarsa ya kai Amurka, ya iske waɗansu 'yan'uwa biyu masu sana'ar kekuna a garin Dayton, Wilbur Wright da ƙanensa Orville. Maimakon su tsorata, sai suka ɗauki aikin daga inda ya tsaya. Shekara da shekaru suna gwaji, har suka haɗa jirgi mai inji, suka kai shi wani bakin teku mai yashi da iska kusa da ƙauyen Kitty Hawk.

Ran 17 ga Disamba, 1903, gari ya waye da sanyi mai tsanani da iska mai ƙarfi. Mutum biyar kaɗai suka zo kallo, uku daga cikinsu ma'aikatan ceton waɗanda jirgin ruwa ya kife da su ne. Orville ya kafa akwatin hotonsa bisa ƙafafunsa uku, ya saita shi daidai inda ya ke zaton jirgin zai rabu da ƙasa. Amma wa zai danna? Shi zai tuƙa jirgin, wansa kuwa zai bi shi a guje yana riƙe da fiffike. Sai ya kira ɗaya daga cikin masu ceton nan, John Daniels, ya danƙa masa 'yar robar da a ke matsawa, ya ce in ya ga jirgi ya ɗaga ya matsa. Daniels kuwa bai taɓa ɗaukar hoto ba tun da aka haife shi. Ga shi kuma a zamanin nan a kan farantin gilashi a ke ɗauka, danna ɗaya hoto ɗaya, in an kuskure an kuskure ke nan.

Da ƙarfe 10 da minti 35 injin ya yi ruri, jirgi ya bi dogon katakon da aka shimfiɗa masa, ya ɗaga. Sakan 12 ya yi a sama, ya ci ƙafa 120, ya dira a yashi. Da aka tambayi Daniels ko ya matsa robar, sai ya rasa ta cewa, don mamaki ya sa bai san abin da hannunsa ya yi ba.

Sau huɗu suka tashi ran nan, na ƙarshe Wilbur ya ci ƙafa 852 cikin sakan 59. Suna tsaye suna taɗi sai iska ta taso ta fizgi jirgin. Daniels ya ruga ya rungume shi, iska ta yi ta mirgina su tare, shi da jirgin. Ya fito da ƙujewa, amma jirgin ya kakkarye, bai sake tashi ba har abada. Yanzu fa ba sauran shaida sai bakin mutum biyar, da abin da ke cikin akwatin nan, in akwai.

Sai da 'yan'uwan suka koma gida Dayton suka wanke gilashin a ɗaki mai duhu. A hankali hoto ya bayyana. Ga jirgi ya rabu da ƙasa da kamar ƙafa biyu, ga Orville kwance rub da ciki a kansa, ga Wilbur a gefen dama ya saki fiffike yana kallo, ga sawun ƙafafu a yashi. Daniels ya matsa, kuma a daidai lokacin da ya kamata. A 1913 ambaliyar ruwa ta ci garin Dayton, gilashin ya jiƙe, har kusurwarsa guda ta ɓalle, amma hoton ya tsira. Yana nan ajiye a babban ɗakin littattafai na majalisar Amurka.

Da aka zo zamanin roka sai aikin ya sake kama. Ba mahalukin da ya isa ya tsaya kusa da roka tana tashi, don wutarta da ƙararta sun isa su kashe mutum. Wadda ta ɗauki mutane zuwa wata ran 16 ga Yuli, 1969, tsawonta ƙafa 363 ne, watau ya ninka dukan tafiyar da Orville ya yi sau uku. 'Yan kallo suna can nesa da fiye da mil uku, har su kan ga wuta ta kama, su yi wajen sakan 15 kafin ƙarar ta iso kunnensu. Sai aka kulle na'urorin ɗaukar hoto cikin akwatunan ƙarfe a gindin rokar, su yi aiki su kaɗai. Ɗaya daga ciki tana ɗaukar hoto 500 a kowane sakan, shi ya sa abin da ya auku cikin rabin minti a kan yi minti takwas ana kallonsa a majigi. Masu ɗaukar hoto na yanzu su kan kafa nasu tun da sauran lokaci, su haɗa su da wani ɗan abu mai jin ƙara, rokar da kanta ita ke danna musu. Wani lokaci a kan yi hasara. A watan Mayu na 2018 wutar wata roka ta kama ciyawa a Kalifoniya, ta narkar da kyamarar wani ma'aikacin NASA, amma ɗan katin da hotunan ke ciki bai ƙone ba, har da hoton harshen wutar da ta cinye ta.

Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata, mutumin jihar Ohio ne, jiharsu ɗaya da 'yan'uwan nan biyu. Cikin kayan da ya tafi da su a 1969 akwai ƙyallen zane daga fiffiken jirgin nan na 1903, da ɗan guntun katako daga farfelarsa.